KADA A RAINA ƘAIƘAYIN KAN NONO

Akwai waɗansu larurori na jiki waɗanda Bahaushe ba ya son ambatonsu a bainar jama'a, ko da kuwa suna cinsa a ɓoye. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙaiƙayi da saɓar fata a kan nono da kuma baƙin nan da ya kewaye shi. Mace takan shafe wata da watanni tana susa, tana ganin fatar wurin tana ɓamɓarowa kamar dusa, amma nauyin baki ya hana ta gaya wa mijinta, balle a kai ga likita. A can gida Arewa da ɗan sauƙi, domin akwai uwa, akwai inna da gwaggo, akwai tsohuwar ungozoma ta unguwa wadda za a ja gefe a nuna mata. Amma matar da aure ko neman abinci ya kawo ta Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anaca, ko Fatakwal, sau da yawa ba ta da wurin kai kuka sai mai kemis na bakin titi. Shi ɗin ma da baki za ta kwatanta masa, in ma ba yaro ta aika da kuɗi ba.

Gaskiyar magana ita ce mafi yawan irin wannan ƙaiƙayi ba shi da wani haɗari, yana kuma warkewa da zarar an gano abin da ya jawo shi. To amma a cikinsa akwai iri guda wanda yake shigowa da kamar ɗan ƙirci, alhali kuwa sallamar ciwon daji ce. Saboda haka ya zama wajibi a yi wa jama'a bayani filla-filla, domin kada a tsorata da abin da bai kai a tsorata ba, kada kuma a yi sakaci da abin da yake iya ɗaukar rai.

Da farko dai ya kamata a sani fatar wannan wuri ta fi ta sauran jiki taushi, kuma kullum a rufe take, tana gogar tufafi, tana shan gumi. Don haka abu kaɗan yakan ɓata ta. Babban abin da ya fi jawo ƙaiƙayin shi ne abin da mutum yake ɗora wa fatarsa da hannunsa: sabulu mai kaifi, da turare ko humra da ake shafawa kai tsaye a ƙirji, da man bilicin, da mayukan nan da ake tallarsu da sunan gyaran nono. Har ila yau akwai garin sabulun wanki da yakan maƙale a tufafi. A unguwannin da ake sayen ruwa jarka-jarka akan yi tsumulmular ruwan ɗauraya, sai a shanya rigar nono da sauran kumfa a jikinta, gumi ya jiƙa ta, sabulun ya koma kan fata. Waɗansu matan kuma jikinsu ba ya shiri da roba ko ƙarfen maɗaurin rigar. Irin wannan ƙaiƙayi maganinsa a hannu yake: a daina amfani da abin da ake tuhuma, a ɗauraye tufafi sosai, galibi cikin 'yan kwanaki fata za ta koma daidai.

Na biyu shi ne yanayin ƙasar Kudu kanta. Mutumin da ya tashi a Katsina ko Sakkwato ko Damagaram ya saba da iska busasshiya wadda take shanye gumi nan take. A Legas da Fatakwal kuwa iska jiƙe take, gumi ba ya bushewa, a damina ma shanya takan kwana biyu da danshinta. In aka haɗa wannan da rigar nono ta leda mai matse jiki, da kwana a ɗaki ɗaya mai ƙarancin taga, sai ƙurajen zafi su feso, ko kuma ƙwayoyin cuta dangin na makero su sami wurin zama a ƙarƙashin nono da kewayen kansa. Masu jiki da masu ciwon sukari sun fi fama da wannan, har ma yawan dawowarsa dalili ne na a je a gwada sukari. Idan hunturu ya shigo kuma sai abin ya juya, fata ta bushe ta yi furu-furu tana tsagewa, musamman ga mai wanka da ruwa mai zafi ƙwarai. Rigar auduga mai sakewa, da tsane jiki bayan wanka, da ɗan basilin ko man kaɗanya marar turare a lokacin sanyi, sukan wadatar.

Na uku akwai ƙircin da yake bin jini, wanda akan same shi a gidajen da ake fama da asma ko yawan atishawa. Alamarsa ita ce yakan kama nonuwa biyu, ya fi zama a kan baƙin da ke kewaye, ana kuma ganinsa a lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Yakan tafi ya dawo. Akwai kuma wata cutar fata mai yin ɓawo mai kauri fari-fari a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai, ita ma takan leƙa wannan wuri. Duka biyun ba a ɗaukarsu daga wani, likita kuma yana da maganin da zai kwantar da su.

Na huɗu ita ce ƙazuwa, wadda kowa ya san ta a yatsu da wuyan hannu da ƙugu, amma ba kowa ya san tana son kewayen kan nonon mata ba. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce take haƙa fata tana yin ƙwai a ciki. Ana gane ta da tsananin ƙaiƙayi da dare, da kuma ganin yara da maigida su ma suna susa. Inda ake cunkoson kwana, kamar yadda yake a yawancin gidajen haya na Kudu, ba ta da wuyar yaɗuwa. Ba a yi wa mutum ɗaya maganinta a bar saura, tilas ne a yi wa mutanen ɗaki duka a rana ɗaya, a wanke shimfiɗa da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana.

Na biyar ya shafi masu ciki da masu shayarwa. Mai ciki nononta yana cika, fata tana miƙewa, don haka ɗan ƙaiƙayi a ɓangarorin biyu ba abin damuwa ba ne. Mai jego kuwa yawancin tsagewa da zafin kan nono daga kamun jariri yake. In kan kawai ya kama yana tsotsa zai yi masa rauni, sai an gyara masa ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin kewayen. Wani lokaci kuma akan ga farin abu kamar kindirmo a harshe da kumatun jariri ta ciki, uwa kuma tana jin zafi da ƙaiƙayi. Wannan sai an duba su tare. Nas ko ungozomar asibiti tana iya gyara waɗannan duka ba tare da an yaye yaro ba. Abin da bai kyautu ba shi ne mai shayarwa ta shafa man da ba ta san abin da ke cikinsa ba, domin bakin jariri zai bi ta wurin.

Maza ma ba su kuɓuta ba. Ɗan dako da mai turin kura waɗanda suke wuni da riga mai kaushi jiƙe da gumi, gogar rigar takan saɓe musu kan nono har ya yi jini. Sauya riga da ɗan basilin sun isa.

Waɗannan duka masu sauƙi ne. Wanda ya sa aka ɗauko wannan magana shi ne na ƙarshe. A shekarar 1874 wani likitan fiɗa na Ingila mai suna James Paget, wanda yake aiki a wani babban asibiti a Landan, ya rubuta bayanin mata 15 da ya gani da wani miki mai kama da ƙirci a kan nono, wanda ya ƙi jin magani, daga baya kuma ciwon daji ya bayyana a wannan nonon cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Tun daga nan likitoci suke kiran abin da sunansa, watau cutar Paget. Yadda take faruwa shi ne ƙwayoyin daji sukan soma a cikin hanyoyin da ruwan nono yake bi, sai su biyo hanyar su fito kan fata. Ke nan abin da ido yake gani a waje kamar hayaƙi ne, wutar tana ciki. Ba cuta ce mai yawa ba, ba ta wuce 1 zuwa 4 daga cikin kowane 100 na masu ciwon dajin nono. Ta fi kama matan da suka haura shekara 50, amma ana samunta ga waɗanda ba su kai haka ba, jefi-jefi har da maza.

Akwai alamun da suke bambanta ta da ƙirci, kuma ya kamata kowace mace da kowane maigida su riƙe su. Ita kusan kullum nono ɗaya take kamawa. Daga kan nonon kansa take farawa sa'an nan ta bazu zuwa baƙin kewaye, alhali ƙirci ya fi farawa daga kewayen. Takan yi ɓawo, a ɓamɓare, ya sake yin wani. Takan yi zafi kamar an shafa barkono, ko ta riƙa tsattsafo da ruwa mai kalar rawaya ko mai haɗe da jini har ya ɓata riga. Kan nonon yakan baje ko ya shige ciki, alhali da can ba haka yake ba. Wajen rabin masu ita akan ji ƙullutu a cikin nonon, wani lokaci da kaluluwa a hammata, sauran rabin kuwa babu ƙullutun da hannu zai ji, don haka rashinsa ba shaidar lafiya ba ne. Abin lura kuma shi ne littattafan Turawa sukan ce wurin yana yin ja. A baƙar fata sau da yawa jan ba ya fitowa, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka. Wanda ya tsaya jiran ganin ja yana iya jira har lokaci ya ƙure. Haka kuma in nono ya kumbura ya yi zafi, fatarsa ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ga mace kuwa ba ta shayarwa, wannan ma ba abin kwana da shi ba ne.

A nan ne man kemis yake yin ɓarnarsa. Yawancin mayukan da ake miƙa wa duk wanda ya ce yana ƙaiƙayi, musamman waɗanda ake cewa masu haɗi uku, suna ɗauke da wani sinadari da ake kira sitiroyid. Aikinsa shi ne kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, ba ya taɓa tushen cuta. In makero ne ko ƙazuwa sai ya rufe su suna ƙara yaɗuwa, in an daɗe ana shafawa kuma ya sa fata ta yi sirara. Mafi muni, in cutar Paget ce yana iya lafar da ita na ɗan lokaci, mace ta ɗauka ta warke, bayan 'yan makonni abin ya dawo, a sake sayen wani bututun. A haka watanni suke wucewa, daji kuwa ba ya jiran kowa.

In man kemis ya gaza sai a ce ai wannan ba na asibiti ba ne, a kai ta gida a yi na gargajiya. Sai a sa mace a mota ta yi tafiyar kwana zuwa Arewa, a shiga jiƙo da shafe-shafe, wani lokaci har a kira wanzami ya yi tsaga, ana zargin kishiya ko maƙwabciya da jifa. Ga kuma maganar nan da ta zauna a zukatan jama'a cewa wai daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko aiki sai ya bazu. Asalin wannan zance ba boyayye ba ne: mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya ci jiki, in aka yi aiki mai ciwo ta rasu sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya yi.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Bisa ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mata fiye da 28,000 ne suka kamu da ciwon dajin nono a Nijeriya, fiye da 14,000 kuma suka rasu ta sanadinsa. Shi ne kan gaba a cikin dajin da ke kama mata a ƙasar nan, likitoci kuma sun daɗe suna kukan cewa mafi yawan masu shi ba sa isowa sai ya yi nisa. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar. Cutar ɗaya ce a can da nan, ranar zuwa asibiti ce ta bambanta.

Ƙa'idar da ya kamata a bi ba ta da wuya. Ƙaiƙayi ko saɓar da ta kama nono ɗaya, aka daina sabulu da turaren da ake tuhuma, aka yi magani, amma ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta warke ba, ko ta warke ta dawo a wuri ɗaya, to a tafi babban asibiti. In kuwa akwai jini, ko ƙullutu, ko kan nono ya shige, ba a jiran ko mako ɗaya. Abin da ake yi a can ba abin tsoro ba ne. Likita zai duba ya tattaɓa nono da hammata, a ɗauki hoton nono da na'ura, sa'an nan a yi allurar kashe zafi a ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki na fatar a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gwaji shi kaɗai ne yake raba gardama tsakanin ƙirci da daji, mace kuma takan koma gida a ranar. In ƙirci ne hankali ya kwanta. In kuwa dajin ne aka kama shi da wuri, akwai waɗanda kan nonon da abin da ke bayansa kawai ake cirewa a bar sauran, a bi da gashin na'ura. Jinkiri ne yake kai ga rasa nono duka, ko rasa ran gaba ɗaya.

Abin takaici shi ne mazauna Kudu suna zaune ne a bakin ƙofar manyan asibitocin ƙasar nan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka kafa a 1962, a Idi-Araba yake, maƙwabcin unguwar Hausawa, a 2019 kuma aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a cikinsa. Daga Sabo zuwa babban asibitin koyarwa na Badun, wanda aka buɗe tun 1957, ba wata tafiya ba ce. Akwai irinsu a Ikeja da Ile-Ife da Binin da Inugu da Fatakwal. Barin waɗannan a baya a nufi ƙauye neman magani, daidai yake da mai ƙishirwa ya bar bakin rijiya ya nufi dawa.

Nauyin farko yana wuyan magidanta. Maigida shi ne ya fi kowa damar ganin wannan canji a jikin matarsa, shi ne mai ba da izinin fita, shi ne mai biyan kuɗin mota da na kati. Wanda ya ce a bari sai kasuwa ta buɗe, ko sai an je gida da salla, ya sani kuɗin gwaji a yau bai kai ko kusa da abin da zai kashe in ciwo ya yi nisa ba. Ya kyautu kuma ya tabbatar wa matarsa cewa ko da aiki ya kama ba zai juya mata baya ba, domin tsoron saki ko kishiya yana daga cikin abin da ke sa mata ɓoye ciwo. Matar da take jin nauyin likita namiji tana da ikon neman a haɗa ta da likita mace, ko nas ta tsaya a ɗakin, malamai kuma sun sha bayyana cewa neman magani larura ce da ba ta saɓa wa mutunci ba.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da abin yi. Waɗansu matan da ke zangonni ba sa jin Turanci ko Yarabanci ko Ibo, wannan kaɗai yakan hana su taka asibiti. Ba zai gagari kowane zango ya ware mata biyu ko uku masu jin harshen gari waɗanda za su riƙa yi wa marasa lafiya rakiya da tafinta ba. Ba zai gagara ba kuma a gayyato ma'aikatan lafiya mata su yi wa matan unguwa bayani a makarantun Islamiyya da gidajen suna, ko da a watan Oktoba ne da duniya ta ware domin faɗakarwa a kan wannan ciwo. Asusun da ake tarawa domin kai gawa gida, ya fi kyau a ware wani abu daga cikinsa domin kai mai rai asibiti.

Masu kemis kuwa, da yawansu 'yan uwa ne, su ji tsoron Allah. Wanda aka zo masa sau biyu a kan ƙaiƙayin nono ɗaya, alherin da zai yi shi ne ya mayar da kuɗin ya nuna hanyar asibiti. Hukumomin asibitocin Kudu su ma ya kamata su lura da yawan 'yan Arewa da ke kewaye da su, su tanadi masu jin Hausa a sashen mata, domin mai ciwon da ba a fahimci kukanta ba ba za ta sake dawowa ba.

Ga mata kuma, iyaye da 'yan uwa, kunya ado ce, amma ba a yin ta da ciwo. Kowace mace ta riƙa duba nononta sau ɗaya a wata bayan ta yi wankan tsarki, wadda ta daina al'ada kuma ta zaɓi rana guda a wata, domin ta san yadda yake a lokacin lafiya, ta gane da wuri in wani abu ya sauya. Wadda ta ga alama ta faɗa, wadda aka gaya wa kuma kada ta ce a shafa kaza, ta ce tashi mu je. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.